Rigar Da Fil Ke Riƙe Da Ita

Wata huɗu ke nan Tela ba ta taka keken ɗinkinta ba. Kullum da safe takan buɗe shago, ta share, ta zauna tana kallon mutum-mutumi huɗu marasa kai da ke jere a jikin bango, kowanne sanye da riga. Daga bakin ƙofa sai ka rantse an gama ɗinkin. Sai ka matso za ka ga babu zare ko ɗaya a jikinsu, fil ne kawai ke riƙe da yadin.

Kada ku yi mata kallon malalaciya. Ita ta zo ta ɗaya a makarantar koyon ɗinki, ta kuma buɗe shagon nan da guminta, lokacin da ake cewa ba za ta kai wata uku ba. Wata ɗabi'a ce ta shige ta. Da ta yanka yadi sai ta kafa shi da fil a jikin mutum-mutumi, ta ɗauki hoto ta sa a waya. Kafin ta ajiye almakashi yabo ya fara zuba. Idan ta juyo wajen keke, sai ta ji kamar wadda ta ƙoshi aka sake ajiye mata kwano. Sai ta ce gobe, idan sha'awar ta dawo.

Riga ta huɗu, mai ruwan ganye, ta Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinta, wadda ta fara koya mata riƙon almakashi. Gwaggo tana kwance a asibiti, ta kuma rantse ba za ta fita da tsohuwar riga ba.

Ranar da Tela ta je dubiya, Gwaggo ta ce, "Mai satifiket, ina rigata?"

"An kusa, Gwaggo. Ga ta ma."

Ta miƙa mata waya. Gwaggo ta kawo hoton dab da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ƙyallin da ke kafaɗa fa? Fil ne. Ni za ki yi wa wayo, ni da na sa miki zare a allura? Ko so kike in fita ana tsintar fil a bayana?"

Matan da ke gadajen kusa suka yi dariya. Tela ma ta yi, ta ce sati mai zuwa.

Tun daga ranar shagon ya canza mata. Da tsakar rana, babu wuta, fanka a tsaye, sai ta ga hannun rigar Gwaggo yana motsi a hankali kamar mai kira. Wani lokaci fil ya faɗo ƙasa shi kaɗai, ƙararsa ta cika ɗakin. Ta juya mutum-mutumin ya fuskanci bango. Washegari ta same shi yana fuskantar keke, ta kasa tuna ko ita ta mayar da shi.

Maƙwabta suka ce sammu ne, wasu suka ce shagon yana da masu shi. Mahaifiyarta ta kawo turare aka yi hayaƙi. Tela ta ci gaba da jiran ranar da za ta tashi da ƙwarin gwiwa.

Ana cikin haka, wata Talata da hantsi, yayanta ya shigo shagon bai yi sallama ba. Ya tsaya, ya kalli rigar, sannan ya kalle ta.

"Rufe shago. Gwaggo ta cika."

Bayan kwana bakwai ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu, ta kasa shiga. Tsohon da ke gyaran takalma a gefen shagon ya ɗago kai.

"'Yata, me kike jira?"

"Baba, zuciyar ce ta mutu. Ba na jin son aikin."

Ya ci gaba da jan zarensa. "Shekara talatin ina nan. Kin taɓa ganin wanda ya tashi da safe yana marmarin takalmin wani? Zama nake yi in soka allura. Kafin in gama ƙafa ɗaya, son aikin ya zo ya same ni. Ke kuma kin zauna kina jiransa, shi yana can yana jiranki."

Ta shiga. Ta kashe waya ta jefa a aljihun tebur. Ta zare rigar Gwaggo daga jikin mutum-mutumin, fil ya soke ta, ba ta tsaya ba. Keken ya yi tauri, sai da ta ɗiga masa mai. Ta ce wa kanta kafaɗa ɗaya kawai za ta haɗa. Ta haɗa tana kuka, ɗinkin ya karkace, ta farke ta sake. Da ta gama kafaɗar, sai ta ga ƙafarta ba ta daina takawa ba.

Washegari kafin la'asar ta kashe zaren ƙarshe, ta goge rigar, ta ninke ta. Ta zauna tana kallonta a kan cinya. Aikin kwana biyu ne. Wata huɗu Gwaggo ta yi tana jiran aikin kwana biyu.

Shagon yana nan a buɗe har yau, kuma ba kullum take shiga da daɗin rai ba. Amma tana shiga, ta zauna, ta taka.

'Yan'uwa, wanda ya karɓi yabo kafin ya gama aiki ya cinye guzurinsa tun bai bar gida ba. Kada ku jira himma ta zo kafin ku fara, a cikin aikin take zuwa. Wanda kuke yi domin sa kuwa, ba ku san kwana nawa zai iya jira ba.