Zoben Inna

Ina 'yar shekara tara ranar da maƙeri ya zo yanke zoben azurfar Innata, don ya nutse mata a yatsa. Duk unguwarmu a Wudil cewa ake sana'ar ƙosai ta karɓe ta, ga ƙiba masha Allah. Ni ma da ƙibar nan nake taƙama.

Ƙanwarta, malamar asibiti, ce ta riƙe hannun.

"Yaya, awa nawa kike barci?"

"Uku, in na samu."

"Innalillahi! Wannan ba ƙibar hutu ba ce, ta rashin barci ce."

Sai a lokacin na lura ban taɓa ganin idon Inna a rufe ba.

Zoben yana wurina. Har yau na kasa kai shi gyara.