Alwatikata a Murhun Mai Awara

Muna aji uku a wata firamare ta Zaitawa, malamar lissafi ta sa muka zo da kara da tsinken tsintsiya, muka zauna muna haɗa siffofi. Murabba'ina sai karkacewa yake yi, amma alwatikata ta tsaya cak, ko an danna ta. Malama ta ɗaga ta sama, ta ce, "Kun gani? Mai kusurwa uku ba ta rusunawa."

Sai ga hedimasta, turarensa ya riga shi shigowa. Ya shuri aikinmu da bakin takalmi.

"Malama, gobe baƙi za su zo. So kike a ce mu ƙauyawa ne? A kwashe sharar nan!"

Aka kai wa mai awara a bakin makaranta. Da aka tashi, ina kallo alwatikata ta ci wuta a ƙarƙashin kasko.

Yau wai hedimastan nan shi ake gayyata ya yi jawabi kan raya basirar yara. Rannan muka haɗu a ɗaurin aure a Ƙofar Mazugal, ana ta durƙusa masa. Ni dai a tsaye na miƙa masa hannu.