Bokitan Oga Japhet

Takardar ta iso ranar Litinin, Oga Japhet ya karanta ta yadda ya saba karanta kowace takarda: layin farko, layin ƙarshe, sai abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Masu ba da tallafi za su turo mai tantancewa nan da kwana goma. Abin da ta gani shi zai sa a ƙara wa shirinsa na yaƙi da gudawar yara shekara uku, ko a rufe ofishin na Zuru a mayar wa mai gida makullinsa. Wuri biyu za ta je, Dabai da Tungar Haggai.

Dabai ba ta dame shi ba. Shekara uku ke nan Sista Alice, ma'aikaciyar jinyar ƙungiyarsu, tana bi gida gida a can, tana koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari, tana kafa bokiti mai famfo a bakin kowane ban ɗaki. Shi kuma yakan je ranar ɗaukar hoto, don aiki ai rabawa ake yi.

Tungar Haggai, wani ƙauye can bayan Danko, ita ce matsalar. Ya san sunanta na cikin kundin shirin tun farko, kundin da wani masani ya rubuta, shi kuma ya taimaka da sa hannu a shafin ƙarshe. Amma ko guntun sabulu ba su taɓa kai mata ba. Shekara uku ba wanda ya tambaya, yau ga ranar ƙin dillanci ta zo.

Kada wani ya ce mutumin bai san aikin tantancewa ba. Sau huɗu yana zuwa bita a kai a Birnin Kebbi, ga takardun shaida huɗu rataye a bayan kujerarsa. Gaskiya ne yakan iso daidai lokacin shayi, ya fita amsa waya, ya dawo daidai lokacin shinkafa, amma ba a taɓa rasa shi a layin gaba na hoton rufe taro ba. Alice ce mai zama har ƙarshe tana rubutu, sai ka ce ba ta da aikin yi.

Da ya faɗa mata dabarar da ya ƙulla, sai ta zaro ido.

"Oga, Tungar nan fa ba a taɓa ta. In ka duba shafi na tara..."

"Sista, ni na haifi shirin ga. Ke za ki nuna mini shafi?"

Nan take ya ba ta hutun da ta shekara biyu tana roƙo. Daga gida ta turo masa saƙo uku a waya. Ya ga tsawonsu, ya bar su sai ya samu sarari.

Ranar Laraba motar ofis ta kwashe bokiti sittin daga Dabai, wai aro, ta sauke su a Tunga. Aka raba sabulu. Oga Japhet da kansa ya tara mata a harabar coci, ya sa su haddar ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri, ruwa lita ɗaya. Kwana huɗu suna rerawa, har masu daka suka mayar da ita waƙar turmi. Ya kuma koya musu amsa mafi muhimmanci: in an tambaya ko yaro ya yi gudawa cikin mako biyun nan, a ce a'a, ko da kuwa yana tsugune a gaban mai tambayar. Yaran da suka cika rama aka tura su gaida kakanni.

Tun da aka kafa ƙungiyar bai taɓa yin gumi irin na makon nan ba, har shi kansa ya ji ya burge kansa.

Dokta Basira, mai tantancewar, 'yar siririyar mace ce marar yawan magana. Ta zo da mutum huɗu da wasu tsofaffin takardu na tambayoyin da aka yi a garuruwan biyu kafin a fara shirin. A Tunga ta daɗe tsaye gaban wani bokiti, tana dubansa tana duban takarda.

"Iya, yaushe anka kawo muku wannan?"

"Mun daɗe da abinmu," in ji tsohuwar, daidai yadda aka koya mata.

Oga Japhet ya ji daɗi har kunnuwansa suka motsa.

A Dabai kuwa sai suka tarar da mazaunin bokiti babu bokiti. Matan can, waɗanda Alice ta lalata da faɗin gaskiya, duk wadda ɗanta ya yi gudawa ta ce ya yi. Abin ya ɗan sosa masa rai, amma ya ce ba komai, Tunga za ta rufa asiri.

Bayan mako uku aka taru a ofis jin sakamako. Ya sa sabuwar kwat, ya zauna kusa da Dokta. Ta ce a Dabai gudawar yara ta ragu da rabi. A Tungar Haggai kuwa ba a samu yaro ko ɗaya mai gudawa ba, kowace uwa ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari, kowane gida da wurin wanke hannu. Oga Japhet ya miƙe ya fara tafi. Sai da ya yi nisa ya lura shi kaɗai ke yi, Alice kuma ta rufe fuska da tafin hannu.

Dokta Basira ta jira ya gama, ta rufe kundin shirin da ke buɗe a shafi na tara.

"Ranka ya daɗe, ba za a sabunta shirin ga ba," ta ce. "Tunga ita ce garin da munka ware tun farko kada a yi mata komi, don mu gwada ta da Dabai mu ga amfaninku, ga shi kuwa inda ba ku taɓa zuwa ba ya fi inda kunka yi aiki lafiya."