Baduku da Baƙar Motar Surukinsa

Kai mai juya gwangwani biyu a hannu kana shawarar wanda za ka shafa wa motarka, ajiye su tukuna ka ji abin da ya sami wani baduku.

Mutumin nan gwani ne a sana'arsa, in ya ɗinka maka takalmi sai dai ka gaji da shi ka bayar. Surukinsa, wani dattijo da 'ya'yansa maza har sun ajiye gemu, da zai tafi aikin Hajji sai ya tsallake su duka ya bar wa badukun amanar motarsa. Baƙa ce wuluk, tsohuwa amma an riƙe ta da kyau, don dattijon ba ya bari ko jingina a yi da ita. Abin ya yi wa 'ya'yan ciwo ƙwarai, shi kuwa baduku kansa ya kumbura. Ya ƙudura a ransa ranar taryen Alhaji sai motar nan ta yi ƙyallin da ba ta taɓa yi ba, kowa ya shaida ba a yi zaɓen tumun dare ba.

Ana gobe jirgi zai sauka ya shiga kasuwar kayan mota neman man goge fenti. Mai shago ya ɗora masa gwangwani biyu a kan tebur. Ɗaya ɗan ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, ga tsadar tsiya. Ya ce wannan ɗan kaɗan ake lakata, a shafa a inuwa, a bi da tsumma mai laushi. Ɗayan kuwa ƙato ne, ba suna ba rubutu, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Baduku ya ɗaga wannan ya ɗaga wancan, ya auna nauyinsu a hannu yadda ya saba sayen man fata, ya sunsuna. Ya ce a ransa mai ai mai ne, ɗan kasuwa dai ba ya rasa daɗin baki. Mai shago ya buɗe baki zai ƙara magana, gogan naka har ya rungumi ƙaton ya yi gaba.

To, abin da baduku ya sani tun yana yaro shi ne fata ba ta kyau sai an cika ta da mai an shanya ta a rana ta sha. Da ƙaramin ya saya, tsadar kaɗai ta isa ta koya wa hannunsa ladabi. Amma abin da aka samu da yawa a banza, wa ke jin ciwonsa? Washegari da hantsi ya dinga dumbuzowa yana laftawa, tun daga gaban motar har bayanta, bai bar ko bakin ƙofa ba. Ya tura ta tsakiyar rana, ya koma ƙarƙashin rumfa yana jira ta sha. Ƙarfe kuwa ba ya shan komai.

Da rana ta take ya fito da tsummansa yana murmushi, sai ya tarar man ya bushe ƙamas, motar ta yi fari kamar an watsa mata farar ƙasa. Ya goga, ko gezau. Ya ƙara ƙarfi, tsumman ya yage. Yana cikin haka waya ta yi ƙara, babban ɗan Alhaji ne.

"Jirgi fa ya sauka tun ɗazu. Kai kaɗai muke jira."

Tsoro ya kama baduku sosai. Ya kwarara ruwa, ruwan ya gangare ya bar man yadda yake. Ya kawo garin sabulu, ya kawo tsumman buhu, gumi na shiga masa ido, waya na ta kuka a aljihu ya ƙi ɗauka. Da ya ga lokaci na ƙurewa ya faɗa madafa ya fizgo soson wayar da matarsa ke wanke tukwane da shi. Nan fa farin ya fara fita, ya ji sanyi a ransa, ya dage da hannu biyu yana dirza. Sai da ya gama gefe guda ya lura soson ya yi baƙi ƙirin, ruwan da ke zuba ƙasa ma baƙi ne. Ya ja da baya ya duba. Inda duk hannunsa ya bi fentin ya mutu, ya yi toka-toka, ga zane zagaye-zagaye rana na nuna su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya gefen kuma yana nan da busasshen mai. Ba lokacin gyara, ba kuma halin ƙin zuwa, haka ya shiga ya tuƙa ta.

A sansanin alhazai dangi sun cika, ana ta barka da sauka. Da motar ta tsaya surutu ya ɗauke. 'Ya'yan suka kalli juna. Alhaji ya tako a hankali, ya kewaya motar, ya ɗora tafin hannunsa a kan fentin ya daɗe bai ɗauke ba. Baduku na durƙushe, ya ƙagu a yi masa faɗa ko ya samu ya ba da haƙuri. Amma suruki ba ya faɗa da suruki a gaban jama'a.

"Sannu da ƙoƙari," in ji dattijon.

Ya juya ya shiga motar maƙwabcinsa. Baduku ya biyo ayari can a baya shi kaɗai, daga shi sai akwatuna.

Shi ya sa Hausawa suka ce, araha ba ta ado.