Allon da Aka Manna a Bangon Mama Kombo

"Ku cire min tsiyar nan daga bangona!"

Mama Kombo ta buga sandarta a teburin kwamitin tarihin unguwar Majengo. Tun da suka manna allon nan mai ɗige-ɗige, baƙi ke tsayawa a ƙofarta, su haska shi da waya, su saurara, wasu har da ɗaga hannu suna addu'a.

"Haba Mama, ai girmamawa ce," in ji Tatu, sakatariyar kwamitin. "Duk gidan da ke da tarihi mun sa masa."

"Ni na roƙe ku? Ban iya karatu ba, ba ni da irin wayarku. Kunna min in ji gulmar da kuke yi."

Tatu ta kunna. Muryar namiji ta fito: "A nan marigayiya Mwanaidi binti Hamisi ta kwanta gaban motar rusau, ta hana a rushe layin nan."

"Jaruma ce, Allah ya jiƙanta," in ji Tatu. "Kin taɓa ganinta kafin ki kama haya a gidan?"

Tun da tsohuwar ta haifi Kombo ba wanda ya ƙara kiranta da sunanta na yanka, Mwanaidi.

"Wa ya ce muku ta mutu?"

"Rajabu, ɗan ƙaninta. Shi ya gaji gidan, har ya samu mai saye."

Mama Kombo ta gyara ɗaurin zaninta.

"Kira min shi, yarinya. Ki ce marigayiya na son ganinsa."