Da'irar Lamba Bakwai

Faranti na ashirin da uku ma bai ba da komai ba. Auta ta ɗaga shi saitin taga, ta juya, ta ƙara juyawa. Ƙwayoyin cutar sun mamaye shi baki da baki, har kan 'yan takardun da ta jiƙa da tsimin ganye, sai ka ce abinci ta zuba musu.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. A shuka ƙwayar cuta a faranti, a ɗora takarda mai tsimin ganye ko saiwa, a jira kwana ɗaya. In tsimin yana kisa, za a ga da'ira fes kewaye da takardar. Shekara uku ke nan tana farautar wannan da'ira saboda digirinta na uku, amma yanzu ba ta digiri take ba. Ƙwayoyin da ke farantin daga ƙafar mahaifinta ta ɗebo su.

Baba tela ne, yana da ciwon suga. Ƙusa ya taka, wurin ya zama gyambo. Mako shida yana kan kafson asibiti, an sauya masa har sau biyu, gyambon sai ƙara ci yake. Likita ya ce cutar ta daina jin magani, in ba a ga sauƙi ba zuwa Litinin, za a yanke daga gwiwa. Ƙafar dama ce, wadda ta yi shekara arba'in tana taka keken ɗinki har Auta ta kai inda ta kai.

Firizar ɗakin gwajin ta mutu tun bara, ba a iya adana komai, don haka duk Asabar sai ta sake shafo gyambon da auduga. Shi kuwa har ɗokin ranar yake. Ya miƙo ƙafa yana tsokanarta: "Dakta, yaya 'yan hayan nawa? Suna ba ki haɗin kai?" Sau ɗaya ne kawai, a mako na biyu, audugar ta fito ba komai, ta dawo gida tana ƙunƙunin aikin mako guda ya tafi a banza. Daga nan ba su sake ƙin tsirowa ba.

Kullum da safe takan ajiye masa kafso da kofin ruwa, ya ce sai ya karya tukuna, ta fice a guje da buhun ganye a kafaɗa. Ta dafa, ta jiƙa, ta tace, ta busar. Ta gwada sassaƙe, ta gwada fure, ta gwada har ciyawar bayan ɗakin gwajin. Hannunta ya yi kore, idonta ya faɗa, tsoro kuwa ya hana ta cin abinci.

Ranar Alhamis ta kama kanta tana ganin da'ira a inda babu. Nan ta san ta kai maƙura, ta tafi wurin Malam Ƙa'ida, tsohon ma'aikacin ɗakin, wanda take gudu saboda nawarsa. Mutum ne da ko gobara ta tashi sai ya sa hannu a rajista kafin ya fita.

Ya yarda zai taimaka, amma a tsarinsa. Ya karɓe kwalabenta, ya roƙi wani abu daga jakarta, ta miƙa masa jakar ba tare da ta saurara ba. Ya shiga ciki, ya sa wa kowane tsimi lamba, ya rubuta sunayen a takarda, ya liƙe a ambulan. Ta haka ido ba zai ga abin da zuciya ke so ba.

Da safiyar Juma'a ta buɗe farantin. Kewaye da lamba bakwai akwai da'ira fes, mai faɗin murfin kwalba. Ta durƙusa a ƙasa tana kuka da hamdala a haɗe. Saura kwana uku, za ta iya tace isasshe ta kai wa likita, ta roƙe shi ko da a gwiwa ne.

"Malam, ambulan! Wace saiwa ce?"

Ya ce sai an auna tukuna. Ya ɗauko rula, ya auna a tsaye, ya auna a kwance, ya rubuta, ita kuwa kamar ta shaƙe shi. Sannan ya miƙo. Ta yage ambulan ɗin, ta bi layi da yatsa. A gaban bakwai an rubuta: kafson asibiti.

"Ba a gwaji sai da ma'aunin kwatantawa," in ji shi. "Ke kika daina sa kafson a faranti, wai likita ya ce ba ya aiki. Ni faranti nake tambaya. Kuma kada ki ce jabu aka sayar muku, daga kwalin Babanki na ɗauka a jakarki."

Ba ta san yadda ta isa gida ba. Rana tsaka ta sami Baba a kujerarsa, ƙafar a kan matashi, warin ya cika ɗakin. Ta zube a gabansa.

"Baba, maganin yana kashe su. Da idona na gani. Don girman Allah, me ke faruwa?"

Ya kalle ta, kunya da alfahari suna kokawa a fuskarsa. Sai ya sunkuya ya jawo gwangwanin maɓallai daga ƙarƙashin kujera, ya buɗe. Cike yake da kafso, kala uku.

"Ai na san yana kashe su, Dakta," ya ce a hankali. "To in na kashe miki su, da me za ki gama karatun?"