Farar Awara a Ƙofar Gidan Yari

Da sassafe Pyo Gil-ja ta yanka farar awara, ta naɗe ta a leda, ta fita neman bas. Ta daɗe da daina tuƙi. In an tambaye ta, sai ta ce idanunta ne.

Yau sha biyar ga Agusta, ranar da Koriya ta kuɓuta daga hannun Japan. Kowace baranda da tutarta. A irin wannan rana kujerar Gil-ja tana sahun gaba a zauren taron gari, domin mahaifinta ya bar faratansa da lafiyarsa a kurkukun 'yan mulkin mallaka. Duk shekara sai an kira sunansa, ita kuma ta miƙe a tafa mata. Bana ta aika cewa ba ta jin daɗi.

Ɗanta Seok-hwan yana cikin fursunonin da gwamnati ta yi wa afuwa albarkacin ranar. Garin nan babu wanda bai san labarinsa ba: jikan gwarzo guda ya tuƙo mota ya take wani mai raba madara har lahira, ya gudu, sai washegari ya kai kansa wurin 'yan sanda. Mutane sun zage shi son ransu, ita kuwa tausayinta suka ji. Maƙwabta har abinci suka riƙa kawo mata. Ta karɓa kanta a sunkuye, kuma ko loma ɗaya ba ta wuce mata da daɗi ba.

Tun da aka rufe shi bai yarda ta gan shi ba. Duk zuwan da ta yi, sai a ce mata ya ƙi fitowa. Yau kuwa babu gilashin ɗakin ziyara tsakaninsu. Wanda ya fito daga kaso, farar awara danginsa ke fara sa masa a baki, don ya koma fari tas, kada ya sake. In ya ci daga hannunta, tana da sauran ɗa. In ya wuce ta, shi ke nan. Tsoron da ya hana ta karya kumallo ke nan.

Ƙofar gidan yarin cike take da mata, kowace da ledarta. Rana ta fara cizo.

"Iya, ki sassauta mata mana," in ji wata mai fara'a da ke gefenta. "Irin wannan matsa, ai kafin ya fito ta koma ruwa. Nawa gogan wannan ne karo na barkatai, ya ci awara har ya gaji, bai yi fari ba."

Gil-ja ta yi yaƙe. Idonta yana can tsallaken titi, inda wata mata cikin baƙaƙen kaya ke tsaye rungume da hoton mijinta. Matar marigayi mai madarar nan ce. Gil-ja ta juya baya, amma ina, an riga an gan ta.

Matar ta tsallako. Ta rusuna kamar yadda ake yi wa babba.

"Iya, ba don ke na zo ba. So nake ya ga fuskar nan kafin ya ga ta kowa. Ke ba ruwanki, haihuwa kawai kika yi."

Gil-ja ta kawar da kai, ta ƙura wa ƙofar ido.

Aka buɗe ƙofa. Maza suka fara fitowa suna ƙifta ido, kuka da dariya suka cakuɗe. Seok-hwan ne kusan na ƙarshe. Ya rame, furfura ta ci rabin kansa. Matar mai madara ta sha gabansa, ta ɗaga hoton daidai idonsa, ta faɗa masa duk abin da ta tara a ƙirjinta. Ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa, ya zauna a haka har ta gaji ta tafi tana kuka.

Sannan ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya nufo uwarsa.

Ta ɓallo awarar, ta miƙa masa.

"Ci, ɗana. Don Allah ka ci."

Ya dube ta ya daɗe.

"Umma, yau ma za a kira sunan Kaka a taro?"

"Za a kira."

"A tafa?"

Ta gyaɗa kai.

"To madalla. Sunan ya tsira."

Ya miƙa hannu ya karɓi awarar. Wani sanyi ya ratsa zuciyar Gil-ja, har hawaye suka zubo mata. Sai dai bai kai bakinsa ba. Ya matso dab da ita, ya ɗaga awarar zuwa leɓenta, ya rage murya yadda ba mai ji sai ita.

"Buɗe baki, Umma. Ni na yi zaman, amma ranar ke ce a kan sitiyari."